Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsofaffin Ƙungiyoyin Kiɗan Rok da Gardamar Masoyansu

Duk inda masu sauraron tsohon kiɗan rok suka haɗu, tambayoyin da ke tasowa kusan iri ɗaya ne: wace ƙungiya ce ta fi, me ya sa wane ya nace wa gwanayensa, me ya sa abin da ke sa wani hawaye ba ya ko motsa wani. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa a nan, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

Me ake nufi da tsohon kiɗan rok, kuma su wa ke ciki?

Ana nufin kiɗan jita da ganguna na ƙungiyoyi, yawancinsu na Ingila da Amurka, da suka yi tashe daga wajen 1964 zuwa farkon shekarun 1980. Gidajen rediyon Amurka ne suka ware shi a matsayin rukuni na musamman a shekarun 1980, lokacin da suka ga samarin da suka tashi da wannan kiɗa sun girma, kuma shi suke so a ci gaba da sa musu. Sunayen da ba a rasawa su ne Beatles, Rolling Stones, The Who, Led Zeppelin, Pink Floyd, Queen, Black Sabbath, Eagles da AC/DC. Yawanci mutum huɗu ne ko biyar: mai waƙa, mai jita ɗaya ko biyu, mai jitar bes da ke riƙe ƙasan kiɗa, da makaɗin ganguna.

Daga ina wannan kiɗa ya samo asali?

Daga baƙaƙen fatar Amurka. Kiɗan buluz na kudancin ƙasar ya bi masu ƙaura zuwa birnin Shikago, aka jona jita da lantarki, mutane irin su Muddy Waters da Howlin' Wolf da Willie Dixon suka ɗauki waƙoƙinsu a kamfanin Chess. Chuck Berry da Little Richard suka ƙara masa gudu da zafi a shekarun 1950. Samarin Ingila suka riƙa neman waɗannan fayafayai ruwa a jallo, suna koyon kiɗan da kunne.

Mick Jagger da Keith Richards sun yi firamare tare, amma abin da ya sake haɗa su a tashar jirgin ƙasa ta Dartford a 1961 shi ne fayafayan Chuck Berry da Muddy Waters da Jagger ya rungumo a hannu. Sunan ƙungiyarsu ma, Rolling Stones, daga wata waƙar Muddy Waters aka ɗauko shi. A 1965 da aka gayyace su wani shirin talabijin a Amurka, sai suka dage sai an gayyato Howlin' Wolf, suka zauna a ƙasa kusa da ƙafafunsa yana waƙa. A ganina duk wanda zai shiga gardamar wace ƙungiya ta fi, ya kamata ya fara da sanin waɗannan dattawa, domin duk ƙungiyoyin da ake musu a kansu almajiransu ne. Batun bashin da ke tsakani yana cikin amsar zargin kwafa a ƙasa.

Beatles ko Rolling Stones: me ya sa wannan gardama ta ƙi ƙarewa?

Domin tun farko an sayar wa jama'a ƙungiyoyin biyu ne a matsayin hali iri biyu. Manajan Beatles, Brian Epstein, ya raba su da rigunan fatar da suke sawa a gidajen rawa na Hambug a Jamus, ya sa musu kwat iri ɗaya, ya koya musu rusunawa tare bayan kowace waƙa. Manajan Rolling Stones, Andrew Loog Oldham, wanda ya taɓa yi wa Epstein aikin talla, ya ga cewa gurbin yaran kirki ya riga ya cika, sai ya tallata nasa a matsayin kangararru waɗanda iyaye ba za su so su gani a ƙofar gida ba. Abin lura shi ne 'yan Beatles ne suka fito daga Liverpool, garin tashar jiragen ruwa da ma'aikata, yayin da Jagger ɗalibi ne a makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan. Amma hoton da aka zana ya riga ya zauna, saurayi a 1964 yana zaɓar ƙungiya ne yana faɗa wa duniya irin mutumin da yake so a ɗauke shi.

Ta fuskar kiɗa ma ba abu ɗaya suka sa a gaba ba. Beatles masu ƙirƙira ne. Daga faifansu na farko a 1962 zuwa watsewarsu a 1970 shekara takwas ce kacal, amma kusan kowane kundi, wato tarin waƙoƙin da aka fitar tare, ya saki hanyar wanda ya gabace shi. Sun daina rangadi a watan Agustan 1966 bayan wasansu na San Francisco, saboda ihun masoya ya kai ba sa jin abin da suke kaɗawa, suka koma sutudiyo tare da furodusansu George Martin suna gwada goge da ƙaho da kayan kiɗan Indiya da juya kaset ta baya. Rolling Stones kuwa masu riƙo ne. Sun kama buluz suka ƙi saki, ƙarfinsu yana kan dandamali, a yadda jitar Richards da gangunan Charlie Watts ke ɗan jan ƙafa a bayan juna har kiɗan ya riƙa rausaya. An kafa su a 1962, sun fitar da sabon kundi a 2023, bayan rasuwar Watts a 2021.

Saboda haka mai cewa Beatles sun fi yana auna ƙirƙira ne da daɗin karin waƙa, mai cewa Stones sun fi yana auna zafi da juriya. Ni Beatles nake fifitawa, saboda ban san wata ƙungiya da ta yi tafiya mai nisa haka cikin ɗan lokaci ba, amma in aka ce wa zan so in gani a fili yana kiɗa, Stones zan ce ba tare da jinkiri ba.

To su kansu mawaƙan suna gaba da juna ne?

A'a. John Lennon da Paul McCartney na Beatles ne suka ba Stones waƙar da suka fitar a faifansu na biyu a 1963. A bangon kundin Beatles na 1967, Sgt. Pepper, akwai 'yar tsana sanye da riga mai rubutun maraba ga Rolling Stones. Jagger ne ya gabatar da Beatles ranar da aka shigar da su zauren karrama mawaƙan rok na Amurka a 1988, kuma McCartney ya kaɗa bes a waƙa ɗaya cikin kundin Stones na 2023. Akwai gasa, akwai 'yar gugar zana a hirarraki, amma zafin da ake gani tsakanin masoya bai taɓa kaiwa haka tsakanin masu abin ba.

Ina Led Zeppelin da Pink Floyd da Queen suka faɗa a wannan kwatance?

Su ne zubi na biyu, waɗanda suka mamaye shekarun 1970, kuma kowace ta ɗauki hanya daban. Led Zeppelin, wadda Jimmy Page ya haɗa a 1968 da Robert Plant da John Paul Jones da John Bonham, ta ɗauki buluz ta ƙara masa nauyi. Abin da masoyansu suka fi yabo shi ne gangunan Bonham, masu faɗowa da ƙarfi amma ba sa rasa lanƙwasa. Ba sa fitar da faifan waƙa ɗaya a Ingila a zamaninsu, wanda ke so sai ya sayi kundi sukutum, kuma kundinsu na huɗu a 1971 ya fito babu sunansu ko sunan kundin a bango.

Pink Floyd na masu zama ne su saurara. Waƙoƙinsu dogaye ne, a hankali suke ginuwa, jigonsu lokaci da kuɗi da mutuwa da taɓin hankali, wanda ya shafe su kai tsaye domin jagoransu na farko, Syd Barrett, ya bar ƙungiyar a 1968 saboda lalurar ƙwaƙwalwa. Kundin The Dark Side of the Moon na 1973 ya shafe sama da makonni 700 a jerin fayafayan da aka fi saye a Amurka. Wanda ya saba da waƙar minti uku yakan ce suna jan rai, masoyinsu kuma yakan ce ai jan ran ne daɗin.

Queen ta bi hanyar ƙasaita: muryoyi da aka jera bisa juna har su zama kamar taron mawaƙa, da jitar da Brian May ya ƙera da hannu tare da mahaifinsa daga katakon tsohon murhu, da Freddie Mercury wanda ya iya juya filin wasa da tafin hannu. A taron Live Aid na tara tallafin yunwar Habasha, ranar 13 ga Yulin 1985 a Wembley, minti 20 da ɗoriya aka ba su, kuma har yau wannan ɗan lokaci ake ambata in ana zancen taron.

Yawan cinikin faifai ba zai raba gardamar ba?

Zai nuna wanda ya fi shiga gidaje, ba zai nuna wanda ya fi shiga zuciya ba. Beatles suna da waƙoƙi 20 da suka hau matsayi na ɗaya a Amurka, Stones suna da 8. Kundin zaɓaɓɓun waƙoƙin Eagles na 1976 yana cikin waɗanda aka fi saya a tarihin Amurka, amma ba kasafai za ka ji makaɗi ya ce saboda shi ya fara riƙe jita ba. Black Sabbath ba su kusanci waɗannan a ciniki ba, duk da haka daga gare su reshen kiɗan rok mai nauyi ya tsiro. Ra'ayin masu sharhi ma ba ya tsayawa wuri ɗaya: mujallar Rolling Stone ta kushe kundin farko na Led Zeppelin a 1969, daga baya ita ce ta sa shi cikin manyan kundayen tarihi.

Me ya sa mutum ke nace wa ƙungiyar da ya so tun yana yaro?

Domin a shekarun balaga kunne ke zaɓar gida. Wani nazari da jaridar New York Times ta buga a 2018, bisa bayanan masu sauraro a Spotify, ya nuna cewa waƙoƙin da mutum ya fi komawa gare su bayan ya girma su ne waɗanda suka fito yana ɗan shekara 13 ko 14. A wannan lokaci ne yaro ke neman abin da zai ce nasa ne, ba na iyayensa ba, sai waƙa ta haɗe da abokai da unguwa da soyayyar farko. In ka kushe ƙungiyar mutum, shi ba batun jita yake ji ba, ji yake ka taɓa ƙuruciyarsa. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ya ga yadda babban mutum ke ɓata rai don an taɓa kulob ɗinsa ya san irin wannan ciwo.

Akwai kuma wahalar da aka sha kafin a samu. A wancan zamani saurayi yakan tara kuɗi makonni ya sayi faifai ɗaya, ya zauna da bangon a cinya yana karanta kowane suna, ya juya faifan in gefe ɗaya ya ƙare, ya yi ta maimaitawa har allura ta cinye shi. Abin da aka samu ta wannan hanya ba a sakinsa da sauƙi.

Masoyan wace ƙungiya ce suka fi kowa riƙon amana?

Da wuya a wuce masoyan Grateful Dead ta San Francisco. Daga 1965 zuwa rasuwar jagoranta Jerry Garcia a 1995 ƙungiyar ta yi wasa sama da 2,300, kuma ba ta maimaita jerin waƙoƙi iri ɗaya dare biyu. Shi ya sa dubban masoya suka riƙa bin ta gari zuwa gari a tsofaffin motoci, suna sayar da abinci da riguna a wurin ajiye motoci don samun kuɗin tikitin gobe. Ƙungiyar ta bar su su ɗauki wasan a kaset, har ta ware musu wuri na musamman a 1984, da sharaɗin musaya za su yi, ba sayarwa ba. Waƙarsu ɗaya ce tak ta shiga goman farko a Amurka, a 1987, wanda ya ƙara tabbatar da abin da aka faɗa a amsar ciniki. Abin da ya burge ni a nan shi ne amanar ta kowane ɓangare ce: ƙungiyar ta yarda da masoyanta, su kuma suka riƙe ta shekara talatin.

In mai waƙa ya rasu ko ya fita, ƙungiyar tana nan a matsayinta?

Nan ne masoyan ƙungiya ɗaya ke rabuwa gida biyu, kuma wannan rabuwa ta fi ta Beatles da Stones zafi. Led Zeppelin sun yanke hukunci mafi tsauri: Bonham ya rasu a Satumbar 1980, a Disamba suka sanar cewa ba za su iya ci gaba ba tare da shi ba. Da suka haɗu na dare ɗaya a Landan a 2007, ɗansa Jason ne ya zauna a kan ganguna, mutane kusan miliyan 20 suka nemi tikitin zauren da bai wuce cin mutum dubu 20 ba, amma Plant ya ƙi yarda a mayar da abin rangadi. AC/DC sun bi akasin haka a shekarar 1980 ɗin nan: Bon Scott ya rasu a Fabrairu, suka ɗauko Brian Johnson, a Yuli suka fitar da Back in Black da baƙin bango na makoki, ya zama kundinsu mafi kasuwa.

Rabuwar Pink Floyd ta fi ɗaci domin a lokacin kowa na raye. Roger Waters, wanda ya rubuta yawancin baitocin manyan kundayensu, ya fita a 1985, ya je kotu don hana mai jita David Gilmour da makaɗin ganguna Nick Mason amfani da sunan, aka sasanta a 1987 suka ci gaba da shi. Har yau wasu masoya na cewa Waters ne ƙwaƙwalwar ƙungiyar, wasu na cewa jitar Gilmour ce ranta. Sun hau dandamali tare su huɗu, har da Richard Wright mai fiyano, sau ɗaya kawai bayan haka, a Landan a Yulin 2005. Haka masoyan Black Sabbath suka rabu tsakanin zamanin Ozzy Osbourne da na Ronnie James Dio bayan 1979, na Van Halen kuma tsakanin David Lee Roth da Sammy Hagar bayan 1985.

Queen ta ci gaba da wasa bayan rasuwar Mercury a 1991, da Paul Rodgers, sannan da Adam Lambert daga 2011, amma suna rubuta sunan baƙon daban kusa da na ƙungiyar, mai bes ɗinsu John Deacon kuma ya janye gaba ɗaya tun 1997. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma na yarda. Sai dai May da makaɗin ganguna Roger Taylor su ma masu ita ne, sun rubuta da yawa daga cikin waƙoƙin, ban ga dalilin hana su kaɗa abinsu ba tunda ba su ce wani ya maye gurbin Mercury ba.

Masoya sukan juya wa gwaninsu baya?

Sosai, musamman in ya canza salo. Bob Dylan ya yi suna da jitar katako da waƙoƙin gargajiya, da ya jona lantarki a bikin kiɗan gargajiya na Newport a Amurka a 1965 wasu suka yi masa ihu, a Manchester kuma a 1966 wani ya ɗaga murya daga cikin taro ya kira shi Yahuza, wato maci amana. A wannan shekarar wata magana da Lennon ya yi da ta taɓa addinin Kirista ta sa gidajen rediyo a kudancin Amurka suka daina sa waƙoƙin Beatles, aka tara fayafayansu aka ƙona, sai da ya ba da haƙuri a Shikago.

Gaskiya ne Led Zeppelin sun kwafi waƙoƙin wasu? Ya kamata masoyi ya kare su?

A wasu waƙoƙin gaskiya ne. Willie Dixon ya kai su kotu a 1985 kan baitocin da aka ɗauka daga waƙarsa aka sa a kundinsu na biyu, aka sasanta a wajen kotu, yanzu sunansa na cikin marubutan waƙar. An yi irin wannan gyara a wasu waƙoƙinsu. A wata shari'ar kuma, wadda magadan mai jitar ƙungiyar Spirit suka shigar kan shahararriyar waƙar kundinsu na huɗu, Led Zeppelin ce ta yi nasara a 2016, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2020.

Masu kare su na cewa aro al'ada ce a buluz, kowa na ɗaukar baiti daga na gaba da shi. Haka ne, amma dattawan Shikago sun yi aro tsakaninsu ne suna talakawa, su kuwa waɗannan sun tara miliyoyi da sunansu kaɗai a kan faifai. So hana ganin laifi, shi ya sa wannan batu ke yi wa masoya nauyi. Ina son kiɗan Led Zeppelin ƙwarai, kuma ina ganin wajibi ne mai son su ya faɗi wannan da bakinsa, ya kuma je ya saurari mutanen da aka ambata a amsar asalin kiɗan.

Na saurari ƙungiyar da kowa ke yabo ban ji komai ba. Kunnena ne ke da matsala?

Babu matsala. Mutane ba abu ɗaya suke nema a kiɗa ba: wani karin waƙa yake bi, wani bugun ganga, wani ma'anar baiti, wani kuma muryar mai waƙa kawai. Wanda kunnensa ya tashi da kiɗan rawa zai fi saurin kama Stones ko AC/DC, mai son muryoyi masu jituwa zai fi kama Beatles ko Queen. Abu biyu dai nake roƙo kafin ka yanke hukunci. Ka saurari kundi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, domin yawancinsu an tsara su ne a ji su a jere, kuma ka ji shi da lasifika mai kyau ko abin sawa a kunne, domin ƙaramar lasifikar waya tana cinye bes da ganguna, rabin kiɗan ke nan. In bayan haka bai shige ka ba, ka bar shi, ka kuma bar mai so ya so abinsa.

Akwai abin da ya haɗa waɗannan ƙungiyoyi da Afirka?

Akwai, fiye da yadda ake zato. An haifi Freddie Mercury a Zanzibar a 1946, sunansa na yanka Farrokh Bulsara. Ginger Baker, makaɗin gangunan ƙungiyar Cream ta Ingila, ya zauna a Legas a shekarun 1970, ya buɗe sutudiyo, ya fitar da kundi tare da Fela Kuti a 1971. McCartney da ƙungiyarsa Wings sun ɗauki yawancin kundin Band on the Run a sutudiyon EMI na Legas a 1973, inda Fela ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, har sai da McCartney ya kunna masa abin da suka ɗauka ya ji da kunnensa. Robert Plant ya yi waƙa a bikin hamada na Essakane a Mali a 2003.

Kiɗan ya kuma dawo ta wata hanyar. Bombino na Agadez ya koyi jita yana kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler na Dire Straits, Mdou Moctar kuma, shi ma ɗan Nijar, ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. Yau su biyun suna cika zaurukan Turai da Amurka da jitar Abzinawa.

Ban taɓa sauraron ko ɗaya ba. Daga ina zan fara?

Ka ɗauki kundi ɗaya daga kowace, kada ka fara da tarin zaɓaɓɓun waƙoƙi. Na Beatles, Revolver na 1966 ko Abbey Road na 1969. Na Stones, Sticky Fingers na 1971. Na Led Zeppelin, kundi na huɗu. Na Pink Floyd, wanda aka ambata a sama, minti 43 ne, ka nemi lokacin da ba mai katse ka. Queen kuwa ka fara da kallon bidiyon Wembley kafin ka taɓa kundi. Ka ba kowanne mako guda, wanda ka tsinci kanka kana komawa gare shi ba tare da an ce ka koma ba, ka bi sauran kundayensa bisa jerin shekarun fitowarsu. Bayan nan ka nemi wasan da Muddy Waters ya yi a Newport a 1960, an ɗauke shi a faifai kuma yana nan a intanet.